Kafin Ka Yanke Famfon Ƙofar Gida

Babana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso. Ka ce bututun gidan ya gama yayinsa, ruwa yana fitowa ja-ja kuma siriri, bangon ɗakin Hajiya ya jiƙe har fenti yana ɓamɓarowa. Ka kira fulamba ya rubuta maka lissafi, ya kuma ba ka shawarar cewa in aka yanke famfon ƙofar gida da reshen nan da ya bi ta lungu zuwa gidan bayanmu, kuɗin zai ragu sosai. Shi ne kake tambayata ko famfon waje al'ada ce ko addini, ko dole ne a mayar da shi, sannan tunda da kuɗin aljihunka za ka yi aikin, ko sai ka bi baffanninka da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ka sanar da su.

Da na karanta sai da na yi murmushi, don da ruwan famfon nan aka yi maka wankan farko, yau ga ka kana tambayar ko yana da hujjar zama. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi. In har mai sunan Baba ne yake wannan tambayar, to zamani ya yi nisa fiye da yadda nake zato.

Mu da muka taso, rijiyar tsakar gida muka sani. Ruwanta zartsi ne, ba ya kumfa da sabulu, in aka dafa wake da shi sai a wuni ana jira. Wanki ake yi da shi da wanke-wanke. Na sha kuwa sai an je famfon unguwa, ko a jira ɗan garuwa ya zo da garewani biyu rataye a sanda. Ruwan famfo ya daɗe a Kano, tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo shi daga Challawa, ana tura shi tankin Goron Dutse ya gangaro gari. Baba yakan ce da farko akwai dattawan da suka ƙi sha, wai ruwan Nasara ne. Amma a ce famfo yana cikin gidan talaka a tsakiyar lungu, wannan ba kowa ba. Ni da mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, kafin mu tafi makarantar allo sai mun cika randunan Inna. Layin bokitai yakan kai bakin masallaci, rigima kuwa ba a rasa ta.

Shekarar 1973 aka yi farin nan, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, guga yana dawowa da taɓo. Tun daga lokacin Baba ya sa abin a ransa. Gwamna Audu Bako ya gama dam ɗin Tiga a 1974, ana ta zancen ruwa zai wadata. Da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975, babban yayanmu, wanda yake koyarwa a firamare, ya karɓi ariyas ɗinsa. Abokansa masu sayen babur suna saya, masu rediyo suna saya, wasu suka ƙara aure. Shi kuwa ya naɗe kuɗin a hankici ya ajiye gaban Baba a soro. Baba bai ƙirga ba, ya ce: "To, a jawo ruwa."

Abin da nake so ka ji shi ne abin da aka yi kafin diga ya taɓa ƙasa. Bayan la'asar Baba ya sa babbar riga, ya miƙo mini ƙunshin goro, ya ce in bi shi. Muka fara da mai unguwa, sannan muka bi lungun ƙofa ƙofa. A kowane soro sai ya yi sallama, a gaisa a tsanake, ya ajiye goro, sannan ya ce: "Za mu ɗan ɓata muku hanya, a yi mana haƙuri." Akwai wani malami makaho da yake bin lungun kowace asuba zuwa masallaci, akwai mai jaki da yake kawo ƙasa, akwai tsofaffin da ke fita da dare da 'yar fitilar ƙwai. Duk Baba ya lissafa su. Na gaji, na ce masa ai an riga an biya hukuma, takarda tana hannu. Ya tsaya ya dube ni ya ce: "Takarda ta ba ka izinin haƙa. Ba ta ba ka izinin karya ƙafar wani ba." Ya ce mahaifinsa yakan ce zumunci a ƙafa yake, wanda ya aika saƙo ya sanar ne kawai, wanda ya taka ya je shi ne ya nemi yarda.

Washegari da sassafe aka fara. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka daga bakin titi muka riƙa ɗauko bututan ƙarfen a kafaɗa, mutum biyu kowane ɗaya, tsawonsa ƙafa 20, in an zo kwana sai an ɗaga shi sama an karkata kafin ya wuce. Fulamban ya kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku a ƙofar gida, ya ɗaure bututu a kai, yana murɗa masa zare a baki. Yana juyawa yana ɗiga baƙin mai, ɓarɓashin ƙarfe yana zubowa a nannaɗe, mu yara muna tsincewa har yana yankar mana yatsu. In ya gama sai ya naɗa zaren rama a wurin, ya shafa fenti, ya ɗaure da babbar sifana har sai jijiyar wuyansa ta fito. Da ya so ya huda bangon soro ya binne bututun a ciki, Baba ya hana. Gidan na ƙasa ne a lokacin, rufin azara, kuma ruwa da ginin ƙasa ba sa ga maciji. Ya ce a bi da shi ta gindin bango, inda ido zai gan shi in ya fara yoyo.

Masu haƙa biyu aka ɗauka jinga, amma mutum uku suka yi aikin. Na ukun ɗan gidan bayanmu ne, saurayi, mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa da ɗan ɗinkin hula. Ba wanda ya kira shi. Ya fito da digarsa ya shiga ramin, tun daga bakin titi har ƙofarmu, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Da yamma Baba ya kira shi soro ya miƙa masa kuɗi, ya sunkuyar da kai ya ce wallahi ba zai karɓa ba, ai aikin gida ne.

Da aka iso ƙofar gida fulamba ya tambaya ina za a kafa kan famfo na farko. Inna daga ciki ta aiko cewa kusa da madafa. Baba ya ce a fara da waje. Inna ba ta ji daɗi ba, don ita ce ta sha wuyar ruwa fiye da kowa, har ta ce to a tura maƙwabtan su zo su dafa masa tuwo. Baba bai yi fushi ba. Ya shiga ya same ta ya ce: "Ruwan nan ta ƙofar mutane ya biyo kafin ya zo gare mu. Ba zai wuce su yana gudu a ƙarƙashin ƙafarsu, su kuma suna ɗaukar bokiti zuwa layi ba." Nata ma an kafa mata a ranar, kafin magariba.

Lokacin da aka buɗe makullin, lungun ya cika maƙil. Famfon ya fara huci, iska kawai ke fita, ya yi tari ya tofo wani jan ruwa, yara suka watse da ihu. Can sai ya saki, fari tas, da ƙarfin da ya ture moɗar daga hannun Baba. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Baba ya ɗauki moɗar ya wanke, ya cika, ya yi bismilla, bai sha ba. Ya ba ni ya ce in kai wa mahaifiyar yaron nan da ya yi haƙa. Ta karɓa da hannu biyu tana hawaye tana sa albarka. A nan tsaye Baba ya ce wa fulamba ragowar bututun kada a mayar kasuwa, a zagaya da shi ta lungu a shigar musu. Asalin reshen da ake ce maka a yanke ke nan. Da gumi aka biya shi, ba a dai rubuta a takarda ba. Jikokin matar ne a gidan yanzu.

Na san yau ba jiya ba ce, Babana, kuma ba na ɗora maka laifin yin lissafi. A da ruwan da kansa yake zuwa, kuɗin wata kaɗan ne. Gari ya faɗaɗa ya ninka, an ƙara matatar Tamburawa da ta Watari, amma jama'a sun fi ƙarfin ruwan. Abin da kuke sha yanzu daga burtsatsen da mahaifinka ya haƙa yake, sumo kuwa, injin da ke turo ruwan, wuta yake ci, in babu wuta ya ci fetur. Kowane bokitin da yaro ya tara a ƙofar gida, aljihunka ne ya cika shi. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda ake yi yanzu: mutum ya haƙa burtsatse, ya ɗaga katanga, ya fito da tiyo ta huda yana sayar wa maƙwabcinsa jarka jarka, su haɗu a sahu ɗaya kuma ko kunya babu. Za a fasa lungu, sai dai mutane su wayi gari su ga rami.

Batun kuɗi, kada ka tsaya a kan jimillar da fulamba ya rubuta. Ka sa ya raba maka kuɗin kaya daban, kuɗin aikinsa daban. Akwai kuma wanda ba sa rubutawa, shi ne gyaran abin da za a fasa: siminti, yashi, tayil, birkila, fenti. Sau da yawa nan ne kuɗi ke zurarewa. Rangwamen da kake nema ma a nan yake. Ba dole ba ne a tono tsohon ƙarfen. Tsatsa ta ciki take cin sa, shi ya sa hanyar ruwan ta tsuke, launin ya canja. A yanke shi daga tushe, a toshe, a bar shi a ƙasa, a ja sabon layi ta gefen bango da maɗauri. Daɓen ɗakin Hajiya ya tsira, ba a tashe ta daga ɗakinta ba, kuɗin da ya ragu kuma zai iya ɗaukar famfon waje.

Ka karɓi jerin kayan ka taka da kanka zuwa Ƙofar Ruwa ko France Road, ka tambayi shaguna da dama, don farashi ba ya kwana wuri ɗaya yanzu. Ka riƙe bututun a hannu ka duba kaurin bakinsa. Inna takan ce araha ba ta ado. Akwai PVC da ake haɗawa da gam, ya fi sauƙin kuɗi, amma rana tana busar da shi ya yi ta tsagewa, don haka duk inda zai sha rana a rufe shi. Akwai PPR, koren nan, wanda ake narka bakinsa da injin zafi a haɗe, ya fi tsada, ya fi ƙarko, yana kuma ɗaukar ruwan zafi. In shi za a sa, ka tabbata mai aikin ya iya, don in ya narka shi fiye da kima bakin yakan toshe ta ciki ba ka gani ba. Daga tanki a sauko da inci ɗaya, a rage zuwa rabin inci a bakin famfo. Kowane sashe a sa masa makullinsa, yadda in banɗaki ya lalace ba sai an kashe wa gida duka ruwa ba.

Abin da ba zan yi maka sassauci a kai ba shi ne kwata. Kada ka bari a kwantar da bututu a cikinta don gudun haƙa. Lokacin da babu ruwa a layi, ta ɗan tsagin da ba ka gani ba ƙazanta ke shiga, in ruwa ya dawo ya kawo ta randa. Amai da gudawa da taifot ta nan suke shigowa gida. Kada kuma a rufe rami ko a shafe bango sai an cika tanki, an saki ruwa, ya kwana, kun bi kowane haɗi da hannu. Ka ba da kafin alƙalami, cikon sai bayan gwajin nan. In aikin zai taɓa babban layin titi, ka fara zuwa ofishin hukumar ruwa.

Famfon waje kuwa, a sa masa makulli ta cikin soro. Ka buɗe da safe, ka buɗe da yamma, gwargwadon ƙarfinka, yara ba za su bar shi yana zuba ba. Mutanen gidan baya ka je ka zauna da su, ka faɗa musu abin da wuta da mai suke ci. Ba na jin za su ƙi kawo nasu.

Ko al'ada ce ko addini, wannan ka kai wa limaminku. Ni dai tun muna yara muke ji a wurin karatu cewa Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi da zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa. Baba da Inna da mahaifinka duk suna kwance, famfon nan yana aika musu.

Baffanninka da gwaggonninka kuwa, ka tuna gidan ba a raba shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka kashe kuɗi shiru, ranar rabo kai za ka ce ka kashe, wani ya ce wa ya sa ka. Ka je musu da takardar lissafin, ka fara da Gwaggo Babba, kada ka tura a waya. Zan shigo gari ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci zan biyo, ka ce fulamban ya jira ni mu zagaya gidan tare. Ka sayi goro ka ajiye. Nawa gudummawar zan taho da ita.

Ka gaishe da Hajiya da kyau.

Baffanka.