Ganuwa ko Badala? Amsoshin Tambayoyinku kan Kalmomin Tsofaffin Gine-gine

Wani bawan Allah daga Damagaram ya rubuto cewa ya kai ziyara Kano, ya ji wasu na cewa ganuwa, wasu na cewa badala, alhali abu ɗaya suke nunawa. Wanne ne daidai?

Malam, duka biyun Hausa ce, amma asalinsu ba abu ɗaya ba ne. Ganuwa ita ce katangar da ta kewaye birni baki ɗaya. Badala kuwa dakali ne da ake yi a jikin ganuwar ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su leƙa waje su yi harbi. Wato badala ɓangare ce ta ganuwa. Yau da gobe ne ya sa Kanawa suka ɗora sunan ɓangaren a kan dukan katangar, har Bakano ya ce maka shi ɗan cikin badala ne, yana nufin haifaffen tsohon birni. Ba na kiran wannan kuskure, haka harshe yake tafiya. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, aka ƙara faɗaɗa shi a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. In ka sake komawa, ka lura da kududdufan da ke cikin gari. Yawancinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, ruwan damina ya cika su.

Wata ɗaliba daga Sakkwato ta tambayi bambancin kango da kufai.

'Yata, kango gini ne guda wanda ba kowa a ciki, ko an bari ya lalace, ko ba a gama shi ba. Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne, mutanensa suka tashi. Surame, birnin Kanta na Kabi, kufai ne. Haka ma Alƙalawa ta Gobir tun bayan faɗuwarta a 1808. Kina iya samun kangaye a cikin kufai, amma ba a kiran gida ɗaya kufai.

Sai tambayar da ta fi yi mini daɗi. Wani mai karatu ya ce ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ya ɗaga kai ya rasa abin da zai kira abin da ya gani.

To, abin da ka gani aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Waɗannan haƙarƙarin da suka tashi daga ginshiƙai suka lanƙwasa suka haɗu a sama, magina na kiran kowannensu baka, ko bakan gizo, don ya yi kama da wanda ke fitowa a sararin sama bayan ruwa. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufin da ya yi tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Dubi gugan rijiya, yadda ake gitta sanduna a bakinsa, ka kifa shi a ranka, ka ga inda sunan ya fito. Cikin kowane baka akwai azara, wato faskararren itacen giginya wanda gara ba ta cika damunsa ba, an jera an ɗaure an lulluɓe da ƙasa. Bangon asali kuma tubali ne, ba bulo ba. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai a tsuke, rana ta busar da shi. Ina jin takaici in na ji yaranmu na kiran komai bulo.

A ginin gargajiya, ta waje, ƙahonnin da ke kusurwoyin soro su ne zankaye. Kalmar aro ce daga kan mutum da kan zakara: zanko shi ne tukkun gashi ko jan naman da ke tsaye a ka. Bututun da ke zubo ruwa daga rufi kuma indararo.

Shi dai wannan mai karatu ya haɗa da karin maganar nan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowa ya san ana faɗinta ne a kan 'yan uwa ko ma'aurata, cewa sai sun saɓa a tsakaninsu magulmaci ke samun ƙofa. Amma wanda ya tashi a gidan ƙasa ya fi jin nauyinta. Bangon ƙasa yana son a riƙa duba shi duk shekara, a yi masa yaɓe, a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kare shi daga ruwa. Mai gidan da ya yi sakaci damina ɗaya zai ga tsaga, ƙadangare ya shige, bayansa kuma maciji ya biyo.