Amsar muryar da aka turo guruf kan wace manhaja za a ɗora don rubuta kod

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. To ƙanina, na saurari tambayarka, ka ce laftof ɗinka RAM 4GB ce, kana son fara koyon Python da ɗan HTML, wani ya ce maka PyCharm, wani ya ce Android Studio, wani kuma Visual Studio, yanzu ka rasa wanda za ka sauke. Bari in yi maka bayani da murya don rubutun zai yi yawa.

Ka ga, farko dai ka cire Android Studio daga lissafi gaba ɗaya. Wannan na masu yin manhajar waya ne, kuma su kansu Google abin da suke cewa shi ne ka samu akalla 8GB, to kai da 4GB in ka buɗe shi wallahi sai dai ka zauna kana kallon kwamfutar tana nishi. PyCharm kuma yana da kyau sosai, kamfanin JetBrains ne ke yin sa, amma shi ma yana cin RAM, ka bar shi sai Allah ya hore maka babbar na'ura. Abin da zan ce ka ɗora shi ne VS Code, wato Visual Studio Code, na Microsoft, kyauta ne, tun 2015 ya fito, kuma yawancin darussan da za ka gani a YouTube da shi ake yi, to ba za ka ɓata ba. Amma don Allah ka kula, Visual Studio daban, Visual Studio Code daban. Na farkon gigabait da yawa ne, zai cinye maka data a banza, kai mai shuɗin tambari kake nema, a code.visualstudio.com, ba a wani shafi da za a ce maka ga "crack" ba, abin da yake kyauta me za a fasa a cikinsa.

Yawwa, yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa. VS Code shi kaɗai ba ya gudanar da Python, wurin rubutu ne kawai. Sai ka fara ɗora Python ɗin kansa daga python.org, kuma a shafin farko na sakawar, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Add python.exe to PATH, ka danna masa alama kafin ka taɓa komai. Wannan ɗan akwatin shi ne ke sa kwamfuta ta san inda Python yake in ka kira shi daga tamina, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. In ka tsallake shi, za ka rubuta python ta ce ba ta san shi ba, ko kuma ta jefa ka Microsoft Store, daga nan yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba ya haƙura da karatun, abin nan yana min ciwo sosai, saboda ba laifin kansa ba ne.

Bayan nan sai VS Code. Ka ɗauki User Installer, ba ya neman izinin admin. Wajen sakawa ka yi alama a Open with Code, zai ba ka damar danna folda da maɓallin dama na maus ka buɗe ta kai tsaye. Kuma ka saba buɗe folda, ba fayil guda ba, don ekstenshan, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa VS Code, da yawansu ba sa aiki daidai sai sun san foldar aikinka.

To maganar ekstenshan, a nan nake so ka ji ni da kyau. Ka danna Ctrl da Shift da X, ka nemi Python, wanda a ƙasansa aka rubuta Microsoft da alamar tabbaci. Shi da kansa zai jawo Pylance, wanda ke ƙarasa maka rubutu yana ja layi a ƙarƙashin kuskure. Don HTML ka sa Live Server, duk sanda ka ajiye fayil shafin zai sabunta kansa a burauza, sai Prettier mai jera maka kod ya yi tsaf. Shi ke nan fa, ka tsaya nan. Na san za ka ga bidiyo ana cewa ekstenshan ashirin da dole ka saka, kar ka bi, kowanne akwai abin da yake ci a RAM, kuma ekstenshan manhaja ce da ke iya karanta fayilolinka, ana samun na bogi masu kwaikwayon sunan na gaskiya, shi ya sa nake cewa ka duba sunan wanda ya wallafa kafin ka danna Install. Masu rubuta maka kod da AI ma ka ɗan jinkirta, ka bari hannunka ya faɗa tukuna.

In ka gama, Ctrl Shift P, ka rubuta Python Select Interpreter ka zaɓi Python ɗin da ka ɗora. Git ma, mai ajiye maka tarihin canje-canjen kod ɗinka, za ka buƙace shi, yana git-scm.com, amma wannan sai wani zaman.

Af, na tuna, akwai 'yan uwa a nan masu Windows 7. Ku sabon VS Code ba zai hau ba, 1.70 ne na ƙarshe da ya yarda da ita, Python kuma 3.8. Gaskiya gara ku ɗora Thonny, ɗan ƙarami ne, an yi shi ne don masu koyo a jami'ar Tartu ta Estoniya, yana zuwa da Python ɗinsa a ciki, ku duba wanda ya dace da Windows ɗinku a shafinsu. Wanda kuma data ke ba shi wahala, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa saura a filash, ekstenshan ma ana iya kwafe shi a fayil ɗin VSIX a saka ba intanet. Masu waya kawai ku fara da Pydroid 3 kafin laftof ta samu.

Kai kuma ƙanina, in ka ɗora, buɗe tamina a cikin VS Code ɗin ka rubuta python, sarari, alamar ragi sau biyu (--), version, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo nan, in akwai matsala sai mu duba tare bayan isha'i in sha Allah.