Tambaya da Amsa: Wai dole sai an sa waƙa a fim ɗin tatsuniya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a nan Samaru, mu biyar muka haɗu za mu yi ɗan gajeren fim na tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, aikin makaranta ne amma muna so ya yi kyau mu ɗora a YouTube. Toh rigima ta kaure tsakanina da daraktanmu, shi ya rantse ba zai sa waƙa ko ɗaya ba wai waƙa ce ta kashe fim ɗin Hausa kuma kwaikwayon Indiya ne kawai, ni kuma na ce labarin ɗan sarki da 'yar talaka babu waƙa ai miya ce ba gishiri. Har misali ya kawo min da Cinderella na 2015 wai ba a tsaya rera waƙoƙi ba kuma fim ɗin ya yi daɗi. Dan Allah ki raba mana gardama, saura sati uku mu fita lokeshan.

Wata ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe min da daraktan naku, ki ce masa na ce ya koma ya sake kallon fim ɗin da ya kafa hujja da shi, amma wannan karon da kunne.

Gaskiya ne Kenneth Branagh da ya ba da umarnin wancan fim ɗin bai cika shi da waƙoƙi kamar na katun ɗin 1950 ba. Amma akwai wata tsohuwar waƙar reno ta Ingila da uwar yarinyar take rera mata tun tana ƙarama, uwar ta rasu, waƙar ta yi ta dawowa cikin kiɗan da Patrick Doyle ya tsara, can ƙarshe da matar uba ta kulle ta a ɗakin sama mutanen sarki sun zo da takalmi har za su juya, me ya tona asirin tana gidan? Muryarta aka jiyo ta taga tana wannan waƙar. Kin ga kenan in aka cire waƙar, yarima ya hau dokinsa ya tafi, fim ya ƙare ba aure.

Ke ma kada ki yi saurin murna, don in irin waƙar nan kike nufi ta a je lambu a canza kaya sau uku ana zagaya bishiya, toh ina bayansa.

Abin da ya ban dariya a gardamar taku, ku duka kun manta tatsuniyar da kuka ɗauko da waƙarta ta zo. Ina tuna kakarmu a gidanmu na cikin birni wajen Ƙofar Doka, an ɗauke wuta, mun baje a tabarma bayan isha'i ga fitilar ƙwai tana ta hayaƙi, ta ce ga ta nan ga ta nanku mu ce ta zo mu ji ta. Tana ba da labarin da muryarta ta kullum, yadda 'yan mata suka ci ado suka wuce tsohuwa a rafi suka ƙi cuɗa mata baya, ta ƙarshen mai tsumma ta tsaya ta cuɗa aka faɗa mata sunan saurayin nan da ya ce sai wadda ta san sunansa zai aura. Amma da an iso ƙofar saurayin sai ta jawo ƙwarya ta kife ta fara ƙwanƙwasawa da yatsa, murya ta canza, budurwa ta rera saurayi ya amsa daga ciki, ta kasa faɗin suna a kore ta, wata ta zo a sake rera wannan dai waƙar. Kafin a kai ta huɗu duk mun haddace muna amshi. Da mai tsumma ta iso sai Kaka ta rage murya, ta ja waƙar a hankali, mu kuma tsit, har ƙanina mai barcin tsiya sai ya tashi zaune. Karin waƙar bai canza ba ko kaɗan, amsar ce ta canza, kuma wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Tun kafin Bahaushe ya san akwai wata ƙasa Indiya yake wannan.

Mu 'yan Zazzau ma ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Ranar Hawan Daushe kina tsaye cikin cunkoso ba ki hango kowa ba, amma tsohon da ke gefenki da ya ji kiɗa daga nesa sai ya faɗi sunan wanda ke tafe, saboda ya gane takensa. Masu tsara kiɗan fim abin da suke yi kenan, a ba yarinya ɗan gajeren takenta, a ba yarima nasa, duk sanda ta faɗo masa a rai ko ba ta cikin hoton sai a ji nata ƙasa-ƙasa, mai kallo ya gane ba sai an ce masa komai ba. Ranar da suka haɗu a haɗe biyun.

Wani aikin da waƙa ke yi shi ne cin lokaci. Tatsuniya ba ta da haƙurin zance da toshi, yau an ga juna gobe an ɗaura aure, a baki wannan ba matsala amma a hoto mai kallo zai ce yaushe har suka so juna? A katun ɗin Beauty and the Beast na 1991 akwai waƙa guda da ta ɗauke wannan nauyin, ana nuna su suna cin abinci suna wasa a ƙanƙara, bakinsu bai motsa ba, abin da ke zuciyar kowannensu ake rerawa, cikin 'yan mintoci an tashi daga tsoro an koma shaƙuwa. Alan Menken ya yi kiɗan, Howard Ashman ya rubuta baitocin kuma ya rasu kafin fim ɗin ya fito, fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu duk a ɓangaren kiɗa da waƙa.

Mu ma nan, Sangaya da kamfanin Sarauniya na Kano ya yi da Ali Nuhu da Fati Muhammad, yarima da 'yar aikin gida, ai waƙar ce ta kai shi lungu da saƙo. Inda aka samu matsala daga baya shi ne furodusa ya fara shiga situdiyo a buga masa waƙoƙi da fiyano, sannan a zo a nemo labarin da za a liƙa musu. Haushin da daraktanku yake ji kenan kuma bai yi laifi ba.

Ga yadda za ku yi. Ku zauna ku biyar da rubutun, duk inda wani ya ce a sa waƙa ku rufe wurin da hannu ku karanta na gaba, in labarin ya tafi lafiya ba a rasa komai ba ku bar ta. A Daskin-da-Riɗi wuri ɗaya na san ba zai rufu ba, bakin ƙofar nan. Ku je ku sami wata tsohuwa ta rera muku ku ɗauka a waya, kowane gari da yadda suke jan ta, ku riƙe ta Zazzau.

TAMBAYA

Anti ni ina da ɗan situdiyo a Sabon Gari, an kawo min fim na gyara sauti, akwai sin ɗin da ɗan sarki zai fara fitowa. Na sa masa kakaki da na sauke a intanet, wani dattijo ya gani ya ce na yi kuskure bai kuma faɗa min dalili ba. Mene ne laifin?

Wani matashi, Sabon Gari

AMSA

Ƙanina dattijon ya yi maka kara ne. Kakaki na sarki ne, ɗan sarki kuwa komai gatansa bai hau ba tukuna, in ka busa masa kamar ka ce uban ya kau kenan, duk wanda ya tashi kusa da fada zai ji abin wani iri. Ka ajiye kakakin sai sarki ya fito da kansa. Yarima ka ba shi algaita, ita ma kada ka cika, tana da ƙarfi za ta danne magana. In an koma wajen 'yan mata ga kalangu na dandali, in cikin gida ne ga shantu ga ƙwarya. Kuma maimakon na intanet da ba ka san ma na wace ƙasa ba ne, ga ka ga masu abin a gari ɗaya, ka shiga birni ka yi sallama da mabusa ka biya su ladansu su busa maka na gaske. Ka tafi da makirfo mai kyau, ka ɗan ja baya da shi in za a busa, in ba haka ba sautin zai fashe.