Tambaya da Amsa: Me Ke Ƙona Regileta a Ƙaramin Jirgin Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina koyon gyaran ƙananan jiragen sama. Akwai wani jirgi mai kujera biyu da regiletarsa ta ƙone, aka sa sabuwa, ita ma ba ta jima ba fitilar caji ta soma kamawa, kuma idan jirgin ya sauka ba ta taɓuwa don zafi. Shin laifin kayan ne ko na yadda aka ɗaura ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan regileta biyu suka mutu a gurbi ɗaya, gurbin da wayoyinsa ya kamata a fara tuhuma kafin a sake kashe kuɗi.

Aikin regileta shi ne ta riƙe ƙarfin lantarkin da injin ke samarwa a kusan volt 14, ko 28 a wasu jiragen, domin batir ya yi caji ba tare da rediyo da sauran na'urori sun lalace ba. A jirage irin Cessna 172 ƙaramar wuta kawai take sarrafawa, wadda ke shiga altaneta, wato na'urar da ke samar wa jirgin lantarki, don haka zafinta da sauƙi. Amma a injin da ke da janareta mai maganaɗisu a cikinsa, irin na babur, kamar Rotax 912 da ake ƙerawa a Ostiriya, duk wutar da jirgi ke sha sai ta ratsa ta cikin regileta, kuma gwargwadon nauyin da aka ɗora mata gwargwadon zafin da take haifarwa. Janaretan wannan injin wat 250 yake bayarwa, kuma kamfanin ya ƙayyade cewa kada zafin jikin regiletar ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Bayaninka ya fi kama da wannan nau'i na biyu.

Ka fara da aunawa, domin hannu ba ma'auni ba ne. Akwai 'yar takarda mai mannewa wadda ɗigonta ke baƙi idan zafi ya kai wani mataki, kuma ba ya komawa fari. Ka manna ta a jikin regiletar, ka duba bayan kowace sauka. Sau da yawa ba a sama zafin ya fi tsanani ba, a ƙasa ne, lokacin da jirgi ke jiran izinin tashi iska ba ta ratsa murfin injin sosai, da kuma mintocin da ke biyo bayan kashe injin, sa'ad da salansa ke ci gaba da turara zafi alhali iska ta tsaya. A watan Afrilu, da zafin rana kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, tazarar da ta rage kafin a kai 80 ba ta da yawa.

Daga nan sai gurbin. Regiletar da ke fuskantar salansa ba za ta yi tsawon rai ba. Ko dai a mayar da ita bayan bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin matuƙi, ko a sa mata garkuwar ƙarfe tare da siririn bututun da zai hura mata iskar waje kai tsaye. Bayanta ya kwanta sumul a kan ƙarfe, a shafa man da ke ratsar da zafi a tsakaninsu, sannan a riƙa share ƙurar hunturu da ke cushewa tsakanin haƙarƙarinta, wato siraran ƙarafan jikinta da ke fitar da zafi.

Abin da na fi so ka ba lokaci shi ne filoginta, domin nan ne ake yawan sakaci. Ka zare shi ka duba da fitila. Idan robar ta koma ruwan ƙasa ko ta narke a gefen wayoyin da ke fitowa daga janareta, to bakin wayar ya saki, kuma sakakken haɗi da kansa yake ƙirƙirar zafi ya tura shi cikin regiletar. Sabuwar regileta a kan tsohon filogi mutuwa za ta sake yi. A canza bakin wayoyin, a matse su da abin matsewar da ya dace, a kuma tabbatar jikin regiletar ya haɗu da nagetif ɗin batir da kyau. Kafasito, wato 'yar na'urar da ke ajiye lantarki na ɗan lokaci don daidaita shi, mai ƙarfin maikurofarad 22,000 da kamfanin Rotax ya ce a sa, shi ma a tabbatar yana nan lafiya.

Ka lissafa wutar da na'urori ke sha a kai a kai, kada ta wuce kashi 80 cikin 100 na abin da janareta ke iya bayarwa. Fitilun LED suna rage nauyi sosai, batir da ya gaji kuwa ƙara shi yake yi.

Sauya wa regileta gurbi ko huda murfin injin gyara ne da ke taɓa tsarin jirgi, saboda haka sai an bi littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, kuma injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu. Ka kai wa maigidanka sakamakon awon da hoton filogin, ku yanke shawara tare.