Zan iya hana ma'aikacina buɗe irin sana'ata in ya bar aiki?

Tambaya: Salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan kamfanin haɗa sabulu da man shafawa, yaran da nake koya wa aiki da sun ƙware sai su tafi su buɗe nasu har su janye min kwastomomi. Ya halatta in sa su sa hannu cewa ba za su taɓa irin sana'ar ba in sun tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Sirrin kamfani amana ne. Ma'aunin haɗinka, inda kake saro kaya, lambobin kwastomomi, yaron da ya ɗauki hoton littafin haɗi a waya ko ya kwashe lambobin ya tafi da su ya ci amana ko da babu takarda, Allah ya hana hakan a Suratul Anfal aya ta 27. Majalisar Fiƙihun Musulunci ma a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar cewa sunan kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Nan kana da haƙƙi cikakke, amma fa ka nuna sirri ne, kar ka bar littafin a kan tebur kowa na buɗawa.

Hana shi sana'ar kuma shi ne inda nake so ka yi hattara. Asali sharaɗi halal ne, Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, amma shi ne kuma ya ce babu cuta babu cutarwa, to mutum yana da iyali kuma abin da hannunsa ya iya kenan ka ce har abada ko'ina a duniya kar ya yi, wallahi wannan zalunci ne kuma sharaɗin ɓatacce ne ko ya sa hannu, don ƙwarewar hannunsa tasa ce. Ya halatta in an ƙayyade lokaci da wuri da nau'in aikin, kuma ya yarda ba da tilas ba tun farkon ɗaukarsa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ce sharaɗin ya kasance a rubuce kuma kar ya wuce shekara 2, a jihar Kaliforniya ta Amurka kuwa kotu ba ta ma amincewa da irin wannan sharaɗi galibi, don haka ka nuna wa lauya takardar kafin kowa ya sa hannu. Ni da za ka ji tawa, ka riƙa ba shi wani abu a watannin da ka hana shi sana'ar.

Wallahu a'alam.