Ƙanina na son ya fashe dare ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tattasai da albasa nake saukewa. Akwai ƙanina da na ɗauko daga gida, shekara biyu kenan yana tsare min rumfa, yaro mai hankali wallahi, amma tunda ya fara kallon wani fim wai shi Scarface a waya sai ya canza, har hoton jarumin ya sa a fuskar wayarsa, kullum zancensa wai wannan cinikin kwando-kwandon ba zai kai mutum ko'ina ba, shi so yake ya fashe dare ɗaya. Dan Allah finafinan nan gargaɗi suke ko son zuciya suke koya wa yara? Ko in ƙwace wayar ne kawai? Daga mai karatunku, Mile 12.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kar ka ƙwace wayar, gobe zai ara ta abokinsa. Abin da nake zargi shi ne yaron nan bai kalli fim ɗin har ƙarshe ba, guntayen da ake yankowa ana sa musu kiɗa a TikTok yake gani, inda Tony Montana ke zaune kan kujera da sigari ana ƙirga masa daloli. Fim ɗin na 1983 ne, Al Pacino ya fito a Tony ɗin, ɗan gudun hijira daga Kuba da ya sauka Miami ba ko sisi, ya shiga harkar hodar iblis ya yi kuɗi na fitar hankali. To amma ka tambaye shi ina Manny? Abokin da suka sha wahala tare tun suna wanke-wanke a wajen sayar da abinci, da hannunsa Tony ya harbe shi don ya same shi da ƙanwarsa, bai ma san sun yi aure ba. Matar Tony ta tafi, uwarsa ta ƙi kuɗinsa ta kore shi daga gidanta, ƙanwar ta mutu a gabansa, shi ma ya ƙare a cikin ruwan ado na falonsa jina-jina. Wannan ɓangaren ba a yanko shi a sa a sitatus.

Ni fa in maganar nan ta taso Deewaar nake tunawa, na Indiya, 1975, don shi ya fi kama da rayuwarmu ta nan Legas. Na fara kallonsa ina yaro a wani gidan kallo a Agege, muna zaune kan benci ana zufa, kuma har yau ban manta shirun da ɗakin ya yi ba. Amitabh Bachchan ne Vijay, yaron da ya yi shushaina ya kuma yi dako a tashar jirgin ruwa ta Bombay, kamar dai 'yan uwanmu na Apapa, don ƙaninsa Ravi ya yi karatu. Ka ga mafarin ba mugunta ba ne, talauci ne da wulaƙancin da aka yi wa uwarsu tana ɗaukar bulo a wajen gini, kuma wallahi duk mai zuciya zai tausaya masa. Ya shiga fasa-ƙwauri, ya yi kuɗi har ya sayi ginin nan da uwar ta yi wa dako, don ya ba ta. Ta ƙi karɓa. Ta tattara kayanta ta bi Ravi wanda ya zama ɗan sanda mai ɗan albashi. Akwai inda Vijay ke lissafa wa ƙaninsa gidaje da mota da kuɗin banki yana tambayar shi kuma me yake da shi, ƙanin ya ce shi yana da uwa. Wani dattijo a gefena ya cire hula ya share fuska da ita. Mutumin da ya fara neman kuɗi saboda uwarsa, kuɗin ne suka raba shi da ita, kuma ƙanin da ya sa a makaranta shi ya harbe shi.

Namu na gida ma haka, Living in Bondage na 1992, da yaren Ibo, a nan Legas labarin ya faru, Andy ya ba da matarsa Merit wa 'yan ƙungiyar asiri don ya yi arziki, ya samu kuɗin amma fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace yana bin bola.

Amma gaskiya damuwarka tana kan hanya, ba zan ɓoye maka ba. Wasu na zamanin nan sun fi tsoffin haɗari. The Wolf of Wall Street na 2013, labarin gaskiya ne na Jordan Belfort da ya damfari mutane a kasuwar hannun jari a Amurka, awa uku ana nuna shagali da jiragen ruwa da holewa, waɗanda aka cinye wa kuɗi ko fuskarsu da ƙyar ka gani, mutumin ya yi wata 22 kacal a gidan yari ya fito yana koya wa mutane dabarun sayar da kaya. Wannan yana min ciwo sosai, yaro ɗan shekara ashirin in ya kalla shi kaɗai me kake so ya ɗauka?

Don haka Alhaji, ranar da kasuwa ta yi sanyi ku zauna ku biyu bayan isha'i, ka sayo shayi da burodi, ku kalli Scarface ɗin daga farko har ƙarshe, kar ka yi masa wa'azi ana cikin kallo. In an gama ka ce ya ƙirga maka mutum nawa suka rage wa Tony. Sannan ka duba ɗaya gefen, shekara biyu yana tsare maka rumfa, ka taɓa zama da shi ka faɗa masa yaushe za ka sallame shi? Ka ware masa ko buhu biyar na albasa ya juya da kansa, ribar tasa ce, ka yanka masa lokacin da zai samu tasa rumfar. In an kwana biyu ka sake rubuto mana mu ji yadda ake ciki.