Filin Tambayoyinku: Abinci na iya kashe gadon ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ciwon dajin hanji ne ajalin mahaifinmu, yanzu kuma an gano shi a jikin yayana mai shekara 47. Na ji ana cewa abinci na iya kashe ƙwayoyin gadon cutar. Gaskiya ne? Me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba yayanki lafiya.

Abinci ba ya goge abin da kika gada, amma yana da tasiri a kan yadda ƙwayoyin gadon ke aiki. Kamar gidan da aka riga aka ja wa wayar lantarki ne: wayar tana nan daram, sai dai kowane ɗaki da makunninsa. Wasu ƙwayoyin gado aikinsu tsayar da ƙwayar jikin da ta lalace kada ta hayayyafa. Idan wani ɗan sinadari mai suna metil ya manne a bakinsu, sai su yi shiru, lalatacciyar ƙwaya ta samu sarari. Hayaƙin taba, ƙiba da irin cimar mutum duk suna taɓa waɗannan makunnai.

A hanji ne aka fi ganin abin a fili. Hatsi da wake da ganye suna da dusar da ciki ba ya narkarwa. Idan ta isa babban hanji, bakteriyar da ke wurin sai su sarrafa ta zuwa wani sinadari, butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji, yana kuma taimakawa wajen kunna ƙwayoyin gadon da ke hana ƙari girma. A 2015 aka wallafa binciken da Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranta: baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar cima ta mako biyu. Amurkawan da suka koma cin masara da wake, butiret ɗinsu ya ninka fiye da sau biyu, alamomin kumburi a hanjinsu suka ragu. Waɗanda suka koma cin nama da maiƙo kuwa, nasu ya juye. Ki lura, alamomin haɗari aka auna cikin mako biyu, ba warkewa daga cuta ba.

Abin da ake so shi ne giram 25 zuwa 30 na wannan dusa kullum, kuma tukunyarmu tana da ita, mu ne muke zubarwa. Surfe mai tsanani yana kwashe ta daga gero da dawa, farar shinkafa da fulawa da taliyar leda kuma kusan babu komai a cikinsu. Ki rage surfe, ki sa wake sau uku ko huɗu a mako, ki yawaita miyar kuka da kuɓewa da kwaɗon zogale da rama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Kada ki ɗora duka a dare ɗaya, ciki zai kumbura ki yi fushi ki bari. Ki ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako uku, da shan ruwa sosai.

Jan nama, wato na shanu da tumaki da awaki, kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako. Sosej da naman gwangwani sun fi muni: giram 50 kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Tsire da balangu, a yanke wurin da ya ƙone baƙi. Sai tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako.

Ƙwayoyin ƙarin sinadari da ake talla ba sa maye gurbin kwano. A wani babban gwaji a Finlan, masu shan taba da aka ba ƙwayar beta-karotin (sinadarin da ake samu a karas), dajin huhu ƙaruwa ya yi a cikinsu.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarki shi ne mutum biyu a gida ɗaya, ɗayan bai kai hamsin ba. Wannan na iya zama gado mai ƙarfi irin wanda likitoci ke kira Lynch, kuma cima kaɗai ba ta tare shi. Ƙa'ida ita ce a leƙa hanji da na'ura daga shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun ɗan'uwa lokacin da aka gano nasa, duk wanda ya fara zuwa. Ke nan ke daga 37 ne, ko ma ƙasa da haka idan likita ya ga dama. A lokacin leƙen ake cire 'yan tsiron da ke rikiɗewa su zama daji. Ki je asibitin koyarwa ki nemi likitan hanji, ki gaya wa sauran ƙannenki su ma. In kin ga jini a bayan gida, kada ki yanke cewa basir ne ki kama jiƙo, ki je a duba a makon.